Jita Mai Feda: Yadda Zaƙin Amo Ya Zama Kaya

Duk wanda ya taɓa sauraron waƙoƙin Don Williams a rediyo, ko a kaset ɗin motar haya, ya san wani amo da kan biyo bayan muryar mawaƙin, yana hawa yana sauka ba tare da ya yanke ba, kamar mai kuka a hankali don kada a ji. Mutane da yawa sun ɗauka goge ne irin na Turawa. Abin da ke fitar da wannan amo wani kayan kiɗa ne da Amurkawa ke kira pedal steel, wato jita mai feda, kuma a yawancin faya-fayan Williams na shekarun 1970 hannun wani makaɗi mai suna Lloyd Green ne a kanta.

Idan aka gan ta a dandamali, ta fi kama da teburin keken ɗinki fiye da jita. Akwati ne mai ƙafa 4 da aka shimfiɗa wa tsirkiyoyi a bisa. Makaɗi yana zaune, hannun hagunsa riƙe da wani mulmulallen ƙarfe yana zamar da shi a kan tsirkiyoyin, hannun dama yana tsinkar su da faratan roba da na ƙarfe. Ƙafar hagu tana taka fedodi, gwiwoyi suna tura wasu ƙarafa da ke rataye a ƙarƙashin akwatin, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙara sauti da rage shi. Kowace feda, idan aka taka ta, tana ƙara wa wasu tsirkiyoyi ɗauri ko ta sassauta su, sai sautinsu ya hau ko ya sauka alhali yana cikin kaɗawa.

Wannan daɗi yana da kuɗinsa, kuma da gadon baya ake biya. Cikakkiyar jita mai feda, mai wuya 2 da tsirkiya 20, idan aka kwance ta aka sa a akwatinta, takan kai kilo 25 zuwa 35, wasu tsofaffin ƙira ma sukan kai 40. Shi ya sa tun shekaru aru-aru makaɗanta ke jayayya a kan tambaya guda: nauyin nan shi ke kawo zaƙin amo, ko kuwa kaya ne kawai da aka gāda? Tarihin jitar ya nuna cewa babu maƙerin da ya tashi neman nauyi don kansa. Tarawa aka yi kaɗan-kaɗan, kowane kilo sakamakon wata matsala ce ta kiɗa da aka magance, daga baya kunnen makaɗa ya haɗa nauyin da amon ya ɗauke su abu guda.

Daga cinya zuwa tebur

Asalin abin daga tsibiran Hawai ne. Wajen 1889, wani ɗalibi mai suna Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinyarsa, yana zamar da ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon danna su da yatsu. Jitar katako ce mara nauyi, wadda yaro zai rataya ya yi tafiya. Salon ya ƙetara zuwa babban yankin Amurka, ya kuma sami karɓuwa sosai bayan babban baje kolin da aka yi a San Francisco a 1915, inda makaɗan Hawai suka yi ta wasa a rumfar tsibiransu.

Matsalar farko ita ce ƙarancin ƙara. Jitar katako ba ta iya gogayya da ƙaho da ganga a zauren rawa. A 1927 kamfanin National ya fito da jita mai jikin ƙarfe, da wasu faya-fayan alminiyom a ciki masu ƙara amo. A 1932 kuma George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da wata jita ta lantarki da aka zuba jikinta da alminiyom, wadda saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Daga nan maganaɗisu ne ke ɗaukar motsin tsirkiya ya miƙa wa lasifika, jikin jita ya daina zama shi ke fitar da ƙara.

Sai dai alminiyom yana miƙewa idan ya ji zafi. Fitilun dandamali kan ɗumama jitar, saitin tsirkiyoyi ya goce ana tsakiyar wasa. A 1935 Rickenbacker ya koma ga Bakelite, wata irin roba mai tauri da nauyi wadda ake yin jikin tarho da rediyo da ita a lokacin. Waɗannan jitoci sun fito da amo mai kauri da ke daɗewa kafin ya mutu, kuma da irinsu Jerry Byrd ya yi suna. Nan ne karon farko da nauyi da kyawun amo suka zo tare, ko da yake abin da aka je nema shi ne saitin da ba ya gocewa.

Matsala ta biyu ta fi wuyar sha'ani. Ƙarfen da ake zamarwa miƙaƙƙe ne, saboda haka sautukan da zai iya haɗawa a lokaci guda su ne waɗanda aka riga aka ɗaura tsirkiyoyin a kansu. Makaɗan rawa na Teksas da Oklahoma, irin su Leon McAuliffe na ƙungiyar Bob Wills, suna bukatar haɗe-haɗen sauti masu yawa kamar na jaz. Dabarar da suka samu ita ce ƙara wuya: kowane wuya da nasa jerin tsirkiyoyi da nasa saiti. Aka yi mai 2, aka yi mai 3. Jitar Stringmaster da kamfanin Fender ya fitar a 1953 ana iya samunta da wuya 4, kowanne da tsirkiya 8, jimla 32. Babu cinyar da za ta ɗauki wannan, dole aka yi mata ƙafafu.

Injin da ke ƙarƙashin tebur

Tun kafin haka wasu sun yi tunanin cewa maimakon tara wuyoyi, gara a sami hanyar canza saitin wuya guda da ƙafa. Kamfanin Gibson ya gwada da Electraharp a farkon shekarun 1940, amma yaƙin duniya ya tsayar da aikin. Wanda ya sa abin ya zauna shi ne Paul Bigsby, wani maƙerin babura a Kalifoniya. A 1948 ya ƙera wa Speedy West jita mai wuya 3 da feda 4, da katakon mapul da wuyoyin alminiyom na zubi. Hannun mai ƙera babur ne ya yi ta, kuma hakan ya nuna a ƙarfinta da nauyinta.

A ƙarshen 1953 Bud Isaacs ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Nashville tare da mawaƙi Webb Pierce, da jitar Bigsby. A waƙar Slowly ya yi abin da ba a saba ji ba: ya taka feda alhali tsirkiyoyi suna cikin kaɗawa, wasu sautuka suka zame sama, wani ya tsaya inda yake. Waƙar ta yi mako 17 a saman jadawalin kiɗan kantiri a 1954. Makaɗa suka bazama neman yadda za su sami wannan amo, har wasu suka riƙa huda jitocinsu suna haɗa musu wayar rataye tufafi da fedar totur ta tsohuwar mota.

Daga nan feda ta tashi daga matsayin makunnin canza saiti ta zama ita ce harshen jitar, kuma kowane sabon furuci yana bukatar ƙarin ƙarfe. Buddy Emmons da Jimmy Day suka raba aikin fedar Isaacs gida 2. Zane Beck ya kawo ƙarafan gwiwa. Emmons da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud a Tenesi a shekarun 1950, sannan a 1963 Emmons da Ron Lashley suka kafa kamfanin da ke ɗauke da sunan Emmons. Kafin shekarun 1960 su ƙare, ƙirar da ƙwararru suka tsaya a kai ita ce mai wuya 2, kowanne da tsirkiya 10: na gaba a saitin da ake kira E9 don kiɗan kantiri, na baya a C6 don jaz da kiɗan rawa, da feda 8 da ƙarafan gwiwa 4 ko fiye.

Duk wanda ya kifa irin wannan jita zai ga inda nauyin yake. Kowace feda tana da sandar da ta haɗa ta da wani gatari da ya ratsa akwatin, gatarin yana da hannaye, hannayen suna jan siraran sanduna, sandunan suna jan 'yan yatsun ƙarfe da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansu. A ƙara da ƙafafun ƙarfe 4, da allon da fedodi ke kai, da murafun alminiyom na gefe biyu, da akwatin katako mai kaurin da zai kare wannan duka a bayan motar makaɗa. Kusan babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka sa don amo.

Yadda kunne ya ɗaura aure tsakanin nauyi da amo

Shekarun da jitar ta kai ƙololuwar nauyinta su ne kuma shekarun da aka yi faya-fayan da har yau ake koyo daga gare su. Tom Brumley ya kaɗa Together Again ta Buck Owens a 1964 da Fender 1000, wadda ke da firam na ƙarfen zubi. Jitocin ZB, da Sho-Bud Professional, da MSA Classic ta Dallas, duk sun yi suna wajen nauyi. Wanda ya tashi yana jin waɗannan faya-fayai, kuma ya taɓa ɗaga waɗannan jitoci, ba abin mamaki ba ne ya yanke cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A shekarun 1970 ma irin wannan ra'ayi ya bazu tsakanin masu jitar lantarki ta hannu, har aka riƙa sa musu sassan tagulla da niyyar ƙara jan amo.

Ra'ayin yana da tushe a kimiyya, amma rabin maganar ya kama. A gurmi ko garaya, ƙwarya da fata su ne ke karɓar motsin tsirkiya su mayar da shi ƙara, don haka ana so jikin ya yi rawa. A jitar lantarki maganaɗisu motsin tsirkiya kaɗai yake ji. Duk ƙarfin da ya zube daga tsirkiya zuwa cikin jiki ya ɓace wa lasifika. Idan wuraren da tsirkiya ta dogara a kansu ba sa motsi, ƙarfin yakan koma cikinta, amon ya daɗe. Nauyi yana taimakawa wajen hana wannan motsi, amma tauri ma yana yi, kuma abubuwa biyun ba ɗaya ba ne: gora ba ta da nauyi amma tana da wuyar lanƙwasawa, dalma kuwa tana da nauyi amma yaro zai tanƙwara ta.

A jita mai feda tauri yana da wani aiki na musamman. Tsirkiyoyi 10 na wuya guda suna jan jikin da ƙarfin da ya haura kilo 100, wuya 2 kuma ya ninka haka. Idan aka taka feda, jan yana ƙaruwa, ƙafar makaɗi ma tana jan akwatin ƙasa. Jikin yakan ɗan lanƙwasa, abin da ido ba ya gani, sai tsirkiyoyin da ba a taɓa ba su ɗan sauka daga saitinsu. Kunnen ƙwararre yana jin wannan, kuma maƙera sun daɗe suna yaƙi da shi. Kamfanin Emmons har ya sa wa ƙirarsa ta LeGrande III wata na'ura mai ture wannan lanƙwasa. Hanya mafi sauƙi a zamanin da ita ce a ƙara kauri, shi kuma kauri yana zuwa da nauyi.

Akwai kuma shaidar da ta fito daga jitar da makaɗa da yawa ke ɗauka ita ce ma'aunin zaƙin amo, wato Emmons ta farko, mai injin turawa da ja. Ba ita ce ta fi sa'o'inta nauyi ba. Abin da masu gyaranta suka fi nunawa shi ne cewa ɗan yatsan ƙarfen da ke riƙe da tsirkiya, idan aka ja shi, yakan je ya dafe da jikin jitar kai tsaye. Sukan kuma ce yawan ɗaure sukurorin wuyanta yana shaƙe amon. Ma'ana, yadda sassa suka haɗu da juna yana da tasirin da sikeli ba zai nuna ba. Jiki yakan shanye wasu sautuka ya bar wasu, kuma wannan zaɓe shi ne abin da kunne ke kira muryar jita. Jitar da ba ta shanye komai za ta ja amo sosai, amma ba lallai ta yi daɗi ba.

Lissafin Lloyd Green

Mutumin da ya fara yi wa lamarin lissafi na sana'a shi ne Lloyd Green ɗin da aka ambata a farko. A farkon shekarun 1970 yana cikin makaɗan da aka fi nema a Nashville, yakan yi zaman ɗaukar sauti 3 ko 4 a rana, a ɗakuna daban-daban, kuma kowane zama sai an kwance jita an ɗauka an sake haɗawa. Ya duba ayyukansa na baya ya ga cewa wuyan C6 kusan ba ya taɓa shi. Masu shirya faya-fayai amon E9 suke biya. Sai ya nemi Sho-Bud su cire masa wuyan baya da duk injinsa, su sa matashin dogara hannu a gurbinsa. Abin da aka cire ya kai kimanin kilo 8. A 1973 kamfanin ya fara sayar da ƙirar da sunan LDG.

Abin lura shi ne abin da bai cire ba. Jita mai wuya guda da siririn jiki tana nan tun da daɗewa, kuma ta fi sauƙin ɗauka, amma Green ya bar faffaɗan akwatin yadda yake. Ya zubar da ƙarfen da ba ya aiki, ya riƙe katakon da tsirkiyoyi ke zaune a kai, da faɗin da ke sa jitar ta tsaya daram. Faya-fayan da ya yi bayan haka, har da na Don Williams, babu wanda ya ce amonsu ya rame. Wannan ƙira ta zama ɗaya daga cikin waɗanda kusan kowane maƙeri ke yi har yau.

Masu rage kaya

Bayansa aka bi hanyoyi da dama. Maurice Anderson na MSA da malamin kiɗa Jeff Newman sun yaɗa saitin wuya guda mai tsirkiya 12 wanda ke ƙoƙarin yin aikin wuyoyin biyu. Gene Fields, tsohon injiniyan Fender da ya kafa GFI, da Joe Kline, da Mitsuo Fujii mai ƙera Excel a Japan, sun yi jitoci marasa dogon kai mai makullan ɗauri, abin da ya gajarta jikin. Bud Carter, wanda ya yi aiki a MSA, ya yi suna a shekarun 1990 da jitoci marasa nauyi da ƙwararru suka yarda su hau dandamali da su. A farkon shekarun 2000 MSA ta fito da Millennium, mai jikin zaren kabon, abu mai tauri ƙwarai da rashin nauyi. Wasu suka yaba, wasu suka ce sun rasa ɗumin katako, kamfanin kuma ya ci gaba da yin jitocin katako daga baya. Su ma marasa makullan ba duka suka yi sauƙi ba: jitocin Sierra na da can ba su da dogon kai, amma suna cikin masu nauyi.

Rage kaya ma yana da iyaka. Ƙarafan gwiwa gefe ake tura su, kuma jitar da ta yi sauƙi fiye da kima takan ja jiki a kan daɓe ko ta ɗaga ƙafa idan aka tura da ƙarfi. Makaɗin da jitarsa ke gudu daga gabansa ba zai kama sauti daidai ba, komai kyawun katakonta.

Babban sauƙin da aka samu ma ba daga jitar ya zo ba. Amfilifayar Fender Twin Reverb da makaɗan da suka yi amfani da ita tana kusan kilo 30, ta haura haka idan aka sa mata lasifikokin JBL. Na Peavey da suka biyo baya, Session 400 da Nashville 400, su ma kaya ne. Lasifika mai maganaɗisun niyodimiyom da sababbin amfilifayoyi marasa babbar taransifoma sun rage wannan da fiye da rabi, kuma irin gardamar da aka yi a kan jita an maimaita ta a kansu.

Tafiye-tafiye sun ƙara matsa lamba. Jitar ta daɗe da barin Nashville: a Legas, Demola Adepoju ya shigar da ita kiɗan juju a ƙungiyar King Sunny Ade a ƙarshen shekarun 1970, ya zaga Turai da Amurka da ita bayan fitowar faifan Juju Music a 1982, kuma shi ne ya kaɗa ta a waƙar Graceland ta Paul Simon a 1986. Makaɗin da ke irin wannan yawo a yau yana fuskantar dokar kamfanonin jiragen sama, inda jaka guda ba ta wuce kilo 23 sai da ƙarin kuɗi, da yawa kuma ba sa karɓar abin da ya haura 32. Saboda haka aka fara raba akwati gida 2, jiki a ɗaya, ƙafafu da fedodi a ɗayan.

Inda nauyi ke da aiki

Abin da ya sa maganar ta wuce gardamar masu sha'awa shi ne shekaru. Da yawa cikin waɗanda suka koyi jitar a zamanin Emmons da Green yanzu tsofaffi ne, kuma jiki magayi. Wanda bayansa ba zai iya hawa bene da kilo 35 ba yana da zaɓi 2: ya sayi mai sauƙi ya ci gaba da fita wasa, ko ya ajiye mai nauyin a ɗaki ya daina. Matashin da ke son koyo, wanda ba shi da mota, shi ma nauyin yana cikin abubuwan da ke korarsa. Kayan kiɗa ne da makaɗansa ba su taɓa yawa ba, don haka kowace jita da ta koma kusurwar ɗaki rashi ne ga sana'ar.

Abin da maƙeran yau suka koya daga wannan tarihi shi ne su tambayi kowane giram aikin da yake yi. Ana barin kauri a gadar da tsirkiya ke hawa, da wurin da injin ya haɗu da jiki, da abin da zai hana akwatin lanƙwasa ko zamewa. Ana rage shi a ƙafafu, da sandunan ja, da allon fedodi, da akwatin ɗauka. Wuri guda ne kusan babu jayayya a kansa, wato mulmulallen ƙarfen da ke hannun hagu. Shi ne ke zama iyakar tsirkiya a kowane sauti, kuma idan ya yi sauƙi da yawa amon yakan yi siriri ya mutu da wuri. Nauyinsa kimanin giram 250 ne, kuma a aljihu makaɗi ke sa shi idan an tashi daga wasa.